Saƙar Kebbe a Hannun Batula

A Tambuwal, in dai maganar saƙa ake yi, Hajiya Batula ba ta ganin kowa da gashi. Kuma a faɗi gaskiya komai ɗacinta, matar ta iya. Jaririn da aka haifa a gidan masu hali, in bai sa hula da safa da rigar sanyi na hannunta ranar suna ba, to sunan nan da saura. Launi biyu take haɗawa, in ta yi ɓarna uku, kowane idon saƙa daidai da ɗan'uwansa, ka juya bayan rigar ka nemi inda aka ƙulla zare ka rasa. Matan da suka koyi saƙa a wurinta sun sha wuya har sun gode Allah. Za ta karɓi aikin mace ta ɗaga shi da yatsa biyu, ta taɓe baki, ta kama bakin zaren ta ja, aikin da aka daɗe ana fama da shi ya koma tsibin ulu a kan tabarma. Wai ita nan gyara take yi.

Amma akwai abin da ke cin ran Batula wanda tsinken saƙa ba ya gyarawa. 'Yarta ta fari, Nasiha, tana da ciki, cikin fari, kuma ya fara tsufa. Kowa ya sani, mai cikin fari gidan iyaye take komawa goyon ciki, a can ta haihu, a can a yi mata wankan jego har ta yi arba'in. To ita Nasiha gidan iyaye biyu gare ta. Tun ranar da aka yaye ta, yayar ubanta, Mas'uda, wadda Allah bai ba haihuwa ba, ta goya ta zuwa Kebbe da sunan ta yi kwana biyu ta manta nono. Kwana biyun nan bai ƙare ba sai da aka kai ta ɗakin miji a Jabo. Batula ba ta ce uffan ba a lokacin. Ina za ta ce? 'Yar fari ce. Uwa mai kunya ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, balle ta buɗe baki ta ce a maido mata da shi. Har yau in za ta ambaci Nasiha sai dai ta ce waccan ta Jabo. Ita kuma Nasiha Mas'uda take kira Inna. Batula kuwa Hajiya take ce mata, kamar yadda mai tallar nono ke kiranta.

Batula tana son yarinyar nan ta zo ta haihu a ɗakinta, so mai hana ta sukuni. Tana son ta dafa mata ruwan wanka da hannunta, ta dama mata kunun kanwa, ta riga kowa ɗaukar jikan. Ta kuma san in wannan karon ma Kebbe ta ci, shi ke nan, 'ya ta zama ta Mas'uda har abada. Ta ɗan yi wa mijinta Alhaji Sirajo hannunka mai sanda, ya gyara zama ya ce shi ba zai yi jayayya da yayarsa ba, duk inda yarinya ta zaɓa daidai ne. Batula ta dube shi ta kau da kai. Mutumin da ke tsayawa tsakiyar kasuwar hatsi ya yi ciniki da murya kamar zai tsaga rumfa, an ambaci yayarsa ya zama lagwani.

Abin da ya fi ba ta haushi da Mas'uda shi ne wai ita ma tana saƙa. Saƙa fa! Mace ta je wurin masu gwanjo ta kwaso tsofaffin rigunan sanyi ta warware, ta haɗa da abawar da ta kaɗa da mazarinta, ta roƙo guntayen atamfa da leshi wurin tela ta yayyaga su siri-siri, ta cakuɗa duka. Ba ta ƙirga ido, ba ta duba zane, inda hannu ya nufa nan take bi. Yau tsinke, gobe kwarashi, a jikin abu ɗaya. Kuma wai matan Kebbe har rububin abin suke yi. Batula kan ce ai dole, wanda bai taɓa ganin kogi ba in ya ga kududdufi sai ya tuɓe riga.

Wata ranar kasuwa da hantsi, Gazali mijin Nasiha ya sauke ta a ƙofar gida da babur ya wuce sabgarsa. Ta shigo da sallama, ta durƙusa da ƙyar ta gaida Hajiya. Batula ta amsa tana duban bango, kamar yadda ta saba. Amma wutsiyar idonta ba ta bar komai ba. Ta ga ƙafa ta kumbura, ta ga wuya ya yi duhu, ta ga yarinyar ta rame a fuska, nan take ta ɗora laifin a kan girkin Jabo. Ta tura kwanon fura gabanta ba tare da ta ce sha ba.

Da aka gama gaishe-gaishe, Nasiha ta buɗe jaka ta zaro wani abu ta shimfiɗa a kan tabarma. Shawul ne na jariri, in dai za a kira shi shawul. Ba shi da kusurwa huɗu ta kirki. Ja ya taso daga gefe guda ya murɗe ya shige cikin ruwan goro, kore mai gashi-gashi ya yi tudu a tsakiya, abawa fara mai kauri ta ratsa shi tana karkacewa, can wani wuri shuɗin ulu mai laushi ya yi huji-huji, can kuma yagaggiyar atamfa ta yi curi-curi kamar an barbaɗa gyaɗa. Gefe ɗaya yana nan a buɗe, idanun suna jere a jikin tsinke.

Nasiha ta sunkuyar da kai ta ce, "Hajiya, na kai ƙarshe amma ban iya rufe baki ba. Inna ma ba ta iya ba, ƙulle shi takai. Shi yas sa nic ce in kawo miki. In kin gama sai in taho, tunda nan an fi kusa da asibiti."

Duk mai hankali ya san ba bakin shawul ne ya hau da mai tsohon ciki babur tun daga Jabo ba. Yarinyar ita ma kunyar ce ta ɗaure mata harshe, sai ta naɗe maganarta a cikin ulu ta miƙo. Batula ta gane sarai. Daɗi ya cika ta har ta ji idonta yana neman kawo ruwa, ta yi maza ta ƙura wa shawul ɗin ido don kada a gani. Abin da ta iya cewa kawai shi ne a ajiye shi nan.

Da niyyar alheri ta ɗauko shi washegari. Rufe baki aikin da za ta yi tana hira ne. Ta zauna a inuwar dogon yaro, ta shimfiɗa shi a cinya, ta fara neman inda za ta kama. To a nan Shaiɗan ya samu wurin zama. Ta juya bayan, ta ga ƙulli birjik, wani kan wani. Ta ja nan ya miƙe, ta ja can ya ƙi. Wannan idon ɗan yatsa zai shige, na kusa da shi ko tsinken sakace ba zai ratsa ba. Ta ɗaga shi sama da yatsa biyu, bakinta ya taɓe da kansa. Ko'ina ta duba hannun Mas'uda take gani. Ga abawarta nan, ga sakarcinta nan, ga rashin tsarinta nan, an ɗura wa yarinya tun tana ƙarama har ya zame mata jiki.

Sai ta hango ranar suna. Gidanta cike da mata, cikinsu har da waɗanda ta sha warware wa aiki suna hawaye. A fito da jikan Hajiya Batula, jikanta na fari, a naɗe cikin wannan kwandon shara. Ta ji dariyarsu tun kafin a yi ta.

Tana cikin haka ƙanwarta Hauwa'u ta shigo aron turmi. Ta ga abin ta fara dariya, ta ɗauka ta jujjuya, sai dariyar ta ragu. Ta kara shi a kumatu ta ce wallahi da laushi, kuma ido ba ya gajiya da kallonsa, duk inda ka duba da abin gani. Ta ba yayarta shawara ta rufe wa yarinya bakin abinta yadda ta roƙa, ta bar kaza cikin gashinta.

Batula ta ce, "Ke ma kin koma 'yar Kebbe? Wanga ko akuya aka shimfiɗa ma shi sai ta tashi tsaye."

Hauwa'u ta ɗauki turminta ta yi gaba, don ta san halin kayanta. Da ma ta yi shiru tun farko. Yabon nan da ta yi shi ya ƙarasa aikin, domin Batula tana iya haƙuri da mummunan abu, amma ba ta iya haƙuri da a yabe shi a gabanta.

Ta zare tsinken, ta kama bakin zaren ta ja.

Saƙar kirki in ka ja ta, zuwa take yi salin-alin. Wannan ta ƙi. Layi biyu sai ƙulli, layi uku sai ta karkata ta bi wata hanya, wani wurin an saƙa daga dama, wani daga ƙasa, wani an ɗinke shi da allura. Batula ta yi tsaki ya fi a ƙirga, ta ce ko warwarewa ba a iya yi masa cikin mutunci. Ta ɗauko reza. Inda ya ƙi ja ta yanke, inda ya cije ta tsarge. Kafin azahar shawul ya zama tarkace. Ta zauna ta tsince ulu mai kyau ta naɗe shi launi-launi, don ita ba ta almubazzaranci. Abawa da tsummokaran atamfa da koren nan mai gashi ta tattara ta watsa a shara, aka kwashe aka ƙone da sauran dattin gida.

Daga nan ta aika Sakkwato aka sayo mata farin ulu mai tsada. Ta zaɓi ɗan shuɗi mai haske daga cikin na Nasiha don a ce ga nata a ciki, ta zauna ta fara. Kada a zalunce ta, da ƙauna ta yi aikin nan. Ta ajiye aikin mutane, ta mayar da masu kawo sabo, ta ƙi zuwa biki. Duk idon da ta saƙa da yarinyar a ranta ta saƙa shi. Abin da ba ta taɓa iya faɗa mata da baki ba, shi take ganin tana faɗa da hannu. Shawul ya fito fari tas, kusurwa huɗu daidai wa daida, ratsin shuɗi ya zagaye shi, baki a rufe lif. A duk rayuwarta ba ta taɓa yin wanda ya kai shi ba. Ta sa aka share ɗakin da ke kusa da nata, aka sauke mata itace amalanke guda a bayan madafa. Da Alhaji ya tambayi na mene ne, ta ce itace tsada zai yi.

Nasiha ta dawo wata safiya. Wannan karon Gazali bai wuce ba. Ya kwance wata babbar jaka daga bayan babur ya shigo da ita har tsakar gida ya jingine, ya gaida surukarsa daga nesa, ya koma zaure wurin Alhaji. Batula ta ga jakar nan ta yi kamar ba ta gani ba, amma sai da ta gyara ɗaurin ɗankwalinta sau biyu don hannunta ya rasa abin yi. Ta shiga ɗaki ta fito da shawul a ninke, ta ajiye a gaban yarinyar, ta koma ta zauna tana jiran abin da ta saba ji.

Nasiha ta buɗe shi. Ta daɗe tana kallo. Ta shafa ratsin shuɗin da yatsa, da alama ta gane shi. Ta ce ya yi kyau ƙwarai, sannan ta tambaya a hankali ina nata yake.

Batula ta ce ai shi ne wannan, gyara shi ta yi. Ta shiga bayani, ita da ba ta taɓa haɗa jimla uku da yarinyar ba. Ta ce ulu da auduga ba sa zama wuri ɗaya, wani ya ja wani ya saki. Ta ce saƙa lissafi ce, ba a yin ta da ka. Ta ce wanda ya koya mata wancan ya cuce ta, amma ba komai, tunda za ta zauna za a fara daga farko, a cire mata wannan hannun. Nasiha ta tambayi abawar da sauran. Aka ce shara ta kwashe.

Nasiha ta ce, "Tun watan da nig gane ina da ciki nika yin shi, Hajiya."

Batula ta ce, "Ai ya nuna. Laulayin duk ya fito a jikinai."

Ta yi dariya. Har ga Allah wasa take nufi, kuma shi ne wasa na farko da ta taɓa yi wa 'yarta tun da ta haife ta. Nasiha ta yi ɗan murmushi don kada dariyar babba ta tafi ita kaɗai. Ta ninke farin shawul yadda ta same shi, ta yi godiya, ta yi addu'a Allah ya ƙara girma. Ta sha fura kaɗan. Can ta miƙe dafe da ƙugu ta je bakin zaure ta yi magana da mijinta ƙasa-ƙasa. Gazali ya shigo yana sosa ƙeya, ya ɗauki jakar. Nasiha ta ce kayan ɗinki ne za su kai wa tela.

Babu telan da ake kai wa jaka irin wannan, kuma Batula ta sani. Ta ji abin ya soke ta a ƙirji. Kalma ɗaya ake nema a wurin, ta ce zauna. Amma 'yar fari ce, ga suruki tsaye, ga kuma wata zuciyar tana ce mata a kan me za ta lallashi wadda aka yi wa gata ta raina. Sai ta dubi bango ta ce a gaida mutanen gida.

Ba a yi sati ba Alhaji ya shigo yana ce mata an kai yarinya Kebbe. Batula ta ce Allah ya raba lafiya, ta ci gaba da saƙarta. Ta ce wa Hauwa'u da ma ta san za a rina, wanda ya saba da gwanjo ko ka ba shi sabo warin gwanjon yake nema.

Aka haifi mace. Ranar suna Batula ta cika ƙaramar bas da mata da kayan barka suka nufi Kebbe. Tun daga tasha take yanka. Hanyar ba ta yi mata ba, direban bai iya tuƙi ba, garin da aka shiga ta ce ashe har yanzu yana nan yadda ta bar shi. A ƙofar gida suka ji sunan da aka raɗa da safe: Mas'uda, za a riƙa kiranta Ummi. Matan da ke tare da ita suka saci kallonta. Ta ce suna ai na uba ne, ya sa wanda ya ga dama, ta gyara mayafi ta shige.

Gida ya cika maƙil. Mas'uda, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa da zane ɗaure a ƙirji, tana ta kai da komo, wannan ya kira ta, wancan ya tambaye ta inda ludayi yake. Ta tari Batula da murna ba ko ƙullin komai a ranta, abin da ya ƙara ɓata wa Batula rai ke nan. Aka shimfiɗa musu tabarma sabuwa a rumfar baƙi, aka jere musu kwanoni. A gefe an tara kayan barka, kuma can saman tulin ga farin shawul a cikin leda, ninkinsa bai ko motsa ba. Wata mata ta ɗaga shi ta tambaya ko na kanti ne. Aka ce a'a, wata Hajiya ce ta Tambuwal ta saƙa. Matar ta ce tabarkalla, ta mayar da shi inda yake.

Sai aka fito da jaririya aka miƙa wa Batula. An naɗe ta cikin wani sabon haɗe-haɗen, ya ma fi na farko hauka. Rawaya da shunayya da baƙi, abawa ta ko'ina, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Mai miƙowar ta ce mai jego da Innarta suka yi shi tare kafin haihuwa, ɗaya ta kama nan ɗaya ta kama can har suka haɗu a tsakiya, suna yi suna dariya. Batula ta buɗe baki za ta faɗi abin da ya dace da shi, sai yarinyar ta motsa, ta fito da hannu ta wani hujin saƙar ta kama mata yatsa.

Maganar ta tsaya. Ta dubi 'yar fuskar nan, goshin Nasiha sak, ta tuna ranar da aka fara miƙo mata Nasiha tana jaririya ta kau da kai don kunya. Wannan ba 'yar fari ba ce, jika ce, babu wanda zai ce mata komai in ta rungume ta, in ta yi mata kirari, in ta kira ta kishiya ta tsokane ta yadda kakanni ke yi. Ta gyara mata kwanciya a hannu, ta matso da ita jikinta. Ta ji tana son ta zauna haka har la'asar.

Wata maƙwabciya ta fito daga ɗakin mai jego da sauri, tana share hannu da gefen zane. Ba ta san Batula ba, ta dai ga baƙuwa mai shiga ta alfarma. Ta rusuna da ladabi ta miƙo hannu biyu.

Ta ce, "Hajiya, a yi haƙuri a kawo ta. Kakarta ka kira."

Batula ta miƙa ta. Wata daga cikin matan ta buɗe kwano ta turo mata, ta ce su ci da zafinsa, direba ya ce ba zai kai yamma ba.